Ɗan Wa Ake Aikawa Kpendjal?

Kowace shekara, idan damina ta kankama, ana fitar da sakamakon jarrabawar Bakaloriya ta biyu a ƙasar Togo, wadda 'yan makaranta suke kira Bak a taƙaice. A Sokode da Dapaong, kamar sauran garuruwa, ranar takan zama ta guɗa a wasu gidaje, ta kuka a wasu. Ranar Lahadin da ta biyo baya iyaye sukan kawo baikon godiya a majami'a, fasto ya kira waɗanda suka ci su fito gaba, a ɗora musu hannu, a roƙa musu albarka. Shekara uku suka yi a aji ɗaya, malamai ɗaya suka koyar da su, takarda iri ɗaya kuma suka karɓa. Amma kafin Kirsimeti ta zo ajin ya watse. Wasu sun nufi jami'ar Kara ko ta Lome, wani ya hau jirgi zuwa Faransa, da yawa suna gida suna jira, wasu kuwa sun karɓi babur suna haya. Akwai kuma waɗanda suka kai takardunsu wurin ɗaukar soja ko jandarma. Tun daga 2021, duk wanda ya sa hannu a wannan takarda ya san akwai yaƙi a arewacin ƙasar, ya kuma san ana mutuwa a cikinsa.

Ikkilisiya tana yi wa dukan ajin addu'a iri ɗaya, ba ta tambayar abin da ya raba su. Abin da ya raba su kuwa sananne ne: aljihun uba. Ɗan mai hali yana tafiya kudu neman digiri, ɗan manomi yana tafiya arewa neman albashi a bakin daga. Shugabannin masu bi sun sani, iyaye sun sani, yaran ma sun sani. Yin shiru a kai da sunan kishin ƙasa ko da sunan ibada rashin gaskiya ne, kuma lokaci ya yi da za a daina shi.

Yaƙin da ake ciki

Wajibi ne a fara da abin da ya faru, domin akwai masu bi a Lome, balle a Kano ko Maraɗi, da ba su san Togo ta shiga yaƙi ba. Dapaong ita ce babban birnin jihar Savanes, can a ƙuryar arewa, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Lome, kusa da Sinkase da ke kan iyakar Burkina Faso. Gwamnati ta ga wutar da ta kama Mali da Burkina, ta tuna cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa, sai ta girke rundunar da aka sa wa suna Koundjoaré a kan iyaka tun 2018. A watan Nuwamba na 2021 'yan bindiga suka kai hari na farko a Sanloaga, cikin gundumar Kpendjal, aka kore su. A daren 10 ga Mayu zuwa wayewar 11 ga Mayu 2022 suka auka wa sansanin soja a Kpekpakandi, suka kashe sojoji 8, suka raunata 13. Ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta ce ita ce ta yi. A watan Yuni na wannan shekara aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes, majalisa kuma ta yi ta tsawaita ta shekara bayan shekara. A tsakiyar watan Yuli aka bi wasu ƙauyukan Kpendjal da dare aka karkashe fararen hula. A watan Afrilu na 2023 Faure Gnassingbé, wanda yake shugaban ƙasa a lokacin, ya faɗa da bakinsa cewa an rasa fararen hula wajen 100 da sojoji wajen 40. Dubban mutane sun bar gonakinsu, ga kuma 'yan gudun hijira daga Burkina da suka cika Dapaong da kewayenta.

Tun kafin harin farko, a watan Disamba na 2020, majalisa ta zartar da dokar tsara aikin soja ta 2021 zuwa 2025, da kuɗi sefa biliyan 722, da nufin ƙara yawan sojoji daga wajen 17,700 zuwa wajen 22,900. Wato ƙarin mutum fiye da 5,000, ban da masu maye gurbin waɗanda suka yi ritaya ko suka mutu. Soja ba ya tsirowa a gona. Daga gidaje ake ɗauko shi, kuma tambayar da ta kamata a yi ita ce: daga waɗanne gidaje?

Kalmar sa-kai

Mai son kare halin da ake ciki zai ce ai Togo ba Eritiriya ba ce, kuma gaskiyarsa ce. A Eritiriya, tun 2003, kowane ɗan makarantar sakandare sai ya yi ajinsa na ƙarshe a sansanin soja na Sawa, mace da namiji, daga can kuma a wuce da shi bautar ƙasa wadda doka ta ce wata 18 ce amma aka mai da ta marar iyaka. A Togo ba a kama kowa. Ana ba da sanarwa, wanda ya cika shekara 18, ba shi da aure ko ɗa, yana da lafiya da takardun da ake bukata, shi ne zai kai kansa. Saboda haka ake cewa sojan Togo na sa-kai ne.

To, amma a dubi wanda yake sa kan. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 45.5 cikin 100 na mutanen Togo suna cikin talauci. A Lome kashi 22.3 ne. A jihar Savanes kashi 65.1 ne, wato kusan mutum biyu cikin kowane uku. Yaron da ya ci Bak a Dapaong ko Manduri, idan zai shiga jami'a sai ya bar gida, ya kama ɗaki a Kara ko Lome, ya ci abinci, ya sayi littattafai har shekara uku ko fiye, bayan haka kuma babu wanda ya yi masa alkawarin aiki. Mafi ƙanƙancin albashi da doka ta yanke tun farkon 2023 sefa 52,500 ne a wata, kuma yawancin masu aikin hannu da masu haya da babur ba a ƙarƙashin wannan doka suke ba. A gefe guda ga soja yana cewa: zo, akwai albashi kowane wata, akwai tufafi, akwai magani, akwai fansho. Uban da ya sayar da sa ya biya karatun ɗansa, ga ƙanne biyar a baya, me zai ce? Hausawa sun ce dole ƙanwar naƙi. Wanda yunwa ta tura ba a kama shi da igiya ba, amma ba a ce ya zaɓa kamar yadda ɗan attajiri yake zaɓa tsakanin lauya da likita ba.

Wannan ba sabon abu ba ne, Hausawa kuwa sun fi kowa saninsa. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa runduna a Ikko da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Jamusawa da suka kafa rundunar 'yan sandan Togo a 1885 da Hausawa suka fara. Daga baya Faransa ta kwashi samarin arewacin Togo zuwa yaƙe-yaƙenta a Indocina da Aljeriya. A kowane zamani wanda ba shi da gata ne ake miƙa wa bindiga. Sunan garin Sansanne-Mango kansa, a kan tsohuwar hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, yana ɗauke da kalmar sansani. Arewa ta daɗe tana ba da 'ya'yanta.

Babu mai hankalin da zai ce a bar iyaka a buɗe. Manomin Kpendjal da aka kora daga gonarsa yana da hakkin a kare shi, akwai kuma samari da suke shiga soja da zuciya ɗaya domin sun ga abin da aka yi wa ƙauyensu. Waɗannan sun cancanci girmamawa. Maganar ita ce, idan tsaron ƙasa nauyin kowa ne, don me ake ɗora shi a kan gidajen da suka fi rauni? Dattijon Ikkilisiya da yake tashi ranar Lahadi yana yabon jarumtakar sojoji, alhali ya yi duk abin da zai iya don kada nasa ɗan ya kusanci bariki, ya kamata ya tambayi kansa ko yabon nan nasa yabo ne ko biyan bashi da baki.

Ruwan rijiyar Baitalami

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki ran mayaƙi da arha ba. A Littafin Ƙidaya sura 1 ba a lasafta mutum cikin masu fita yaƙi sai ya kai shekara 20. A Maimaitawar Shari'a sura 20 an umarci shugabanni su sallami wanda ya gina sabon gida bai shiga ba, da wanda ya dasa gonar inabi bai ci amfaninta ba, da wanda ya yi tashi bai ɗaura aure ba, har da wanda tsoro ya kama shi. Ma'anar a fili take: wanda bai fara ɗanɗana rayuwa ba, kada a yi gaggawar kai shi inda zai rasa ta. Yaron da ya fito daga aji jiya bai gina gida ba, bai dasa kome ba, bai yi aure ba. Shi ne ainihin wanda Shari'a ta tausaya wa, shi ne kuma ainihin wanda sharuɗɗan ɗaukar soja na zamani suke nema.

Akwai labarai biyu na sarki Dawuda da ya kamata kowane mai iko, a gwamnati ko a Ikkilisiya, ya riƙa ajiye su gefe da gefe. A 2 Sama'ila sura 23 Dawuda ya yi marmarin ruwan rijiyar Baitalami, jarumawansa uku suka ratsa sansanin Filistiyawa suka ɗebo masa. Da suka kawo ya ƙi sha, ya tsiyaye shi a gaban Ubangiji, domin ya ɗauke shi tamkar jinin mutanen da suka sa ransu cikin hatsari. A sura 11 kuwa Dawuda ɗin nan ya zauna a Urushalima a lokacin da sarakuna suke fita yaƙi, ya aiki wasu, har ya sa aka kai Uriya inda yaƙi ya fi zafi aka janye aka bar shi. Mutum ɗaya ne, amma a wuri ɗaya ya san darajar jinin da ake zubarwa dominsa, a wuri ɗaya kuma ya mai da soja abin biyan bukatarsa. Barcin da ake yi lafiya a Sokode da Kara da Lome ruwan Baitalami ne, wasu ne suke ratsa hatsari su ɗebo. Wanda yake shan sa bai taɓa tambayar sunan mai ɗebowa ba, ya san a wace sura yake.

Masu cewa mai bi ba ya ɗaukar bindiga

Akwai 'yan'uwa a wasu ikkilisiyoyi da suke warware matsalar da kalma ɗaya: mai bin Almasihu ba ya aikin soja, wanda ya shiga kuwa ya ja da baya. Ra'ayin ƙin ɗaukar makami yana da tsohon tarihi, ba abin raini ba ne. A shekara ta 295, a garin Tebessa da ke Aljeriya ta yau, an fille kan wani saurayi mai suna Maksimiliyan, ɗan shekara 21, domin ya ƙi shiga sojan Roma saboda bangaskiyarsa. Wanda lamirinsa ya hana shi kamar yadda ya hana Maksimiliyan, Ikkilisiya ta tsaya masa, kada iyaye su tilasta shi saboda albashi.

Amma mai da wannan ya zama doka a kan kowa ya wuce abin da Sabon Alkawari ya koyar. A Luka sura 3 sojoji sun zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambayar abin da za su yi. Bai ce su tuɓe kaki ba. Ya hana su ƙwace, ya hana su ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Karniliyas, wanda Bitrus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 10, hafsan soja ne. Agustin na Hippo, shi ma ɗan Afirka ta Arewa, ya koyar cewa hukuma tana iya ɗaukar makami don kare marasa ƙarfi, muddin salama ake nema. Abin takaici shi ne, waɗanda suke kiran sojan mai ja da baya suna kwana a bayan katangar da shi yake tsaro. Sun bar yaron ya tafi ba shiri, ba shawara, da kunya a zuciyarsa, sa'an nan idan ya dawo ba ya zuwa majami'a su ce ai dama sun faɗa. Ikkilisiya ce ta fara juya masa baya, shi kuma ya bi sawunta.

Masu cewa yaƙin addini ne

Waɗansu kuma sun kauce ta ɗaya gefen, kuma kaucewarsu ta fi hatsari. Su ne masu hura wa samari kunne cewa wannan yaƙi ne tsakanin gicciye da Musulunci, wanda ya shiga soja ya shiga rundunar Ubangiji. Gaskiya ne 'yan bindigar sun kashe Kirista saboda su Kirista ne. A ranar 15 ga Fabrairu 2019 sun harbe Fada Antonio César Fernández, ɗan ƙasar Sifen da ya yi shekaru yana hidima a Togo, jim kaɗan bayan ya ƙetare iyaka zuwa Burkina a kan hanyarsa daga Lome. A ranar 25 ga Fabrairu 2024 sun kashe masu sujada a majami'ar Katolika ta Essakane a arewacin Burkina. Amma a wannan rana ɗaya aka auka wa masallaci a Natiaboani, a gabashin ƙasar, aka kashe masu sallar asuba da dama. Harsashin da ya shiga sansanin Kpekpakandi bai tambayi ko sojan Musa ne na masallaci ko Musa na majami'a ba. A cikin ramin tsaro ɗaya akwai Bamobe Kirista, da Bakotokole Musulmi daga Sokode, da ɗan Kabye, da ɗan Zango mai jin Hausa.

Sokode gari ne da Musulmi suka fi yawa, kuma masu bi sun daɗe suna zaune a cikinsa lafiya, suna kasuwa ɗaya, suna zuwa suna da jana'izar juna. Mai wa'azin da ya cusa wa kurtu cewa kowane mai rawani ko kowane Bafillace makiyayi abokin gaba ne, ya ba 'yan bindiga kyautar da suka fi so. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Duk makiyayin da aka wulakanta a shingen bincike ba da laifinsa ba, an tura ƙanensa kusa da masu ɗaukar mayaƙa a daji.

Akwai kuma abin da yaƙi yake sa mutum ya yi wanda bai nufa ba. A daren 9 ga Yuli zuwa wayewar 10 ga Yuli 2022, a lokacin Babbar Salla, yara bakwai suka mutu a ƙauyen Margba cikin gundumar Tone. Bayan 'yan kwanaki rundunar soja ta amsa cewa jirginta ne ya harbe su bisa kuskure, an zaci 'yan bindiga ne. Amsa laifin abin yabo ne, ba kowace runduna take yi ba. Amma wanda aka gaya masa yaƙinsa mai tsarki ne, yaya zai yi da irin wannan dare? Wanda aka koya masa cewa aikinsa nauyi ne mai ban tsoro a gaban Allah, shi ne zai yi jinkirin ɗana kunama, shi ne kuma zai san hanyar tuba.

Mutanen Sokode suna da wani dalili na daban na yin hattara. A ranar 19 ga Agusta 2017 zanga-zangar da jam'iyyar PNP ta Tikpi Atchadam ta kira ta ɓarke a garin, aka rasa rayuka. A watan Oktoba na shekarar, bayan kama wani limami, rikici ya sake tashi, aka kashe sojoji biyu, samari fararen hula ma suka mutu, mutane da yawa suka bar gidajensu. Ɗan Sokode da ya sa kaki yau yana iya samun kansa wata rana an juyo da shi daga iyaka zuwa titin garinsu. Wa ya taɓa zama da shi ya yi masa magana a kan umarnin da mai bi zai bi da wanda ba zai bi ba? Idan fasto bai yi ba, sajan ne kaɗai zai zama malaminsa.

Shiru

Bayan 2022 hukuma ta rage ba da sanarwa a kan hare-haren arewa, sai jefi-jefi wani babban jami'i ya faɗi jimla. Ana cewa dalilin tsaro ne, kada a ba abokan gaba labari, kada kuma a karya zuciyar jama'a. Ɓoye inda runduna take da yawan makamanta daidai ne. Amma sunan wanda ya riga ya mutu ba asirin yaƙi ba ne, wanda ya kashe shi ya riga ya sani. Waɗanda aka bari cikin duhu su ne jama'ar ƙasa, musamman yaron da yake aji na ƙarshe yana tunanin kai takardunsa. Yaya za a ce mutum ya sa kai alhali an ɓoye masa girman abin da yake shiga?

Ko da gwamnati tana da hujjar yin shiru, Ikkilisiya ba ta da ita. Jama'ar da take karanta jerin sunaye a 2 Sama'ila 23, inda aka rubuta jarumawan Dawuda ɗaya ɗaya har aka rufe da Uriya Bahitte, ba ta da dalilin binne 'ya'yanta a ɓoye kamar waɗanda suka yi abin kunya. Sojojin Togo bakwai da nakiya ta kashe a yankin Bandiagara na Mali a watan Disamba na 2021, suna aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, duniya ta ji labarinsu. Wanda ya faɗi a Kpendjal yana tsaron ƙasarsa bai fi su arha ba.

Ranar dawowa

Yaƙi yana ƙarewa, amma sojan da aka manta da shi ba ya mantawa. Togo ta koyi wannan darasi da jini. Bayan yaƙin Aljeriya Faransa ta sallami ɗaruruwan 'yan Togo, yawancinsu 'yan arewa, suka dawo gida ba aiki. Suka nemi a ɗauke su cikin ƙaramar rundunar ƙasar, shugaba Sylvanus Olympio ya ƙi. A ranar 13 ga Janairu 1963 aka kashe shi a Lome. Ɗaya daga cikin tsofaffin sojojin nan, Eyadéma, ya karɓi mulki a 1967 ya riƙe shi har mutuwarsa a 2005. Masu bi na Nijeriya ma suna da nasu abin tunawa. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 rundunar tarayya ta kumbura daga wajen mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, kuma samari masu yawa daga Filato da Binuwai da kudancin Zariya suka bar aji da gona suka shiga. Tsofaffin ikkilisiyoyin yankin sun san waɗanda suka dawo da ƙafa ɗaya, da waɗanda suka dawo da jiki lafiya amma giya ta ƙarasa su. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wanda bai shirya wa ranar dawowar waɗannan yara ba tun yanzu, zai gamu da ita ba shiri.

Abin da yake wuyan Ikkilisiya

Ba a bukatar izinin gwamna kafin a yi abin da ya rage. Da fari, kafin yaro ya kai takardunsa, fasto da dattawa su zauna da shi da iyayensa, tare da wani mai bi da ya taɓa aikin soja, a gaya masa gaskiyar abin da yake gaba. A tambaye shi a keɓe ko shi ne yake so ko gida ne suke so. A nuna masa kuma cewa mai Bak yana da ƙofofi fiye da ɗaya ko a cikin soja, kamar makarantar likitocin soja ta Lome wadda ake shiga ta hanyar jarrabawa.

Na biyu, idan rashin kuɗin jami'a ne kaɗai yake tura shi, to maganar ta zama ta baitulmalin Ikkilisiya. Ikkilisiyar da take iya tara kuɗin tayil da na'urar ƙara murya tana iya riƙe ɗalibi ɗaya ko biyu a Kara. Ikkilisiyoyin Lome masu wadata su ɗauki nauyin yaran Savanes, gama a bayan waɗannan yara suke barci.

Na uku, wanda ya tafi a rubuta sunansa, a riƙa ambatonsa cikin addu'ar Lahadi, a kira shi a waya, Zumuntar Mata ta riƙa leƙa mahaifiyarsa. Idan ya mutu a yi masa jana'iza a fili, a bi wa iyalinsa hakkinsu a ofis har ya fito, kada a bar tsohuwa ita kaɗai tana yawo da takardu. Idan abokin aikinsa Musulmi ne ya mutu, a je gaisuwa. Idan ya dawo ba ya barci, yana firgita, yana faɗa da kowa, kada a yi gaggawar sa shi a horo. A saurare shi, a kai shi wurin likita.

Na huɗu, shugabannin Ikkilisiya, na Katolika da na Furotesta, suna da bakin da hukuma take ji. Su yi amfani da shi su nemi a riƙa faɗin sunayen waɗanda suka mutu, a biya iyalansu a kan lokaci, a hukunta sojan da ya zalunci farar hula, a kuma sa shirin gaggawa da aka ƙaddamar domin Savanes a 2022 ya zama makarantu da ayyukan yi da ido zai gani. Ranar da ɗan manomin Manduri zai iya zaɓa tsakanin jami'a da bariki kamar yadda ɗan darakta yake zaɓa, ranar ce za a iya kiransa ɗan sa-kai ba tare da jin kunya ba.

Damina mai zuwa wani aji zai sake fitowa gaban majami'a a ɗora masa hannu. Kafin fasto ya ɗaga nasa hannun, ya dubi fuskokin ɗaya ɗaya, ya san wanda zai nufi kudu da wanda zai nufi arewa, ya kuma san dalili. Ubangiji ya ba shugabannin jama'arsa zuciyar Dawuda ta ranar da ya ƙi shan ruwa, ya kiyaye yaran da suke kan iyaka, ya kawo salama a Savanes. Amin.